TAKOBIN ITACE: GA ABIN DA YA KAMATA SAMARINMU SU KOYI WASAN SHINUWA DA SHI

 

Kaka ta yi, aikin gona ya ɗauke. Yanzu ne samari suke da lokaci. Da dare sai ka tarad da su gindin dogon yaro ko bakin shagon mai shayi, kai bisa kai, suna kallon fim cikin salula. Da yawa daga finafinan nan na Shinuwa ne, wato mutanen ƙasar Sin, an juya su da Hausa. Mutum ya zare takobi, ya yi tsalle ya hau rufin ɗaki, ya kayar da mutum goma ko gumi bai yi ba. Da gari ya waye sai yara su ce su ma za su gwada. Ƙanana su ɗauki karan dawa. Manya su ɗauki addar sassabe, ko su kai ma maƙeri guntun ƙarfen mota ya buge musu.

Kara ba ya kisa. Adda kuwa ba ta san wasa ba. Wani rani da ya wuce, ɗan ƙanena da abokinsa suka fita bayan gari da adda biyu, wai suna kwaikwayon abin da suka gani. Ba faɗa suke ba, dariya ma suke yi. Hannun ɗaya ya kuɓuce, adda ta sauka bayan hannun yaron. Bisa amalanke aka kai shi likita, aka yi masa ɗinki. Rauni ya warke, amma yatsunsa biyu har yau ba su lanƙwasa sosai, riƙon hauya yana ba shi wuya. Iyayen yaran biyu sun yi wata da watanni ba su gaisawa.

Hana samari kallo ba zai yiwu ba. Hana su motsa jiki kuma ba daidai ba ne. Abin da muke so mu gaya muku cikin wannan shafi shi ne: a can ƙasar Sin ɗin ma, mai koyo ba ya farawa da ƙarfe mai kaifi. Da takobin itace yake farawa, ko da na ƙarfe maras kaifi. Takobin itace kuwa kowane masassaƙin garinmu yana iya yin sa, in an nuna masa awo.

MU MA MASU TAKOBI NE

Ba Shinuwa za su koya ma Damagaram takobi ba. Wanda ya taɓa ganin hawan Salla a ƙofar fada cikin Birni ya san haka. Ga barade bisa dawakai, ga dogarai da jan kaya, ga takubba cikin kube ja da kore, an rataye su da hamila. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar birni, ya kuma sa aka ƙera masa igwa a nan gida. Amma yawancin mayaƙansa da takobi da mashi da baka suke fita. A 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka yi karo da Faransawa a Tirmini, yamma da birni. A ranar nan takobi ya gamu da bindigar Nasara. Tun daga lokacin aikinsa ya koma ado da girma.

Ku dubi kokowa. An fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, abin da ake ba sarkin kokowa kuwa shi ne takobi. Babu wanda ya taɓa sa ran zai sari wani da shi. Ɗagawa yake yi sama jama'a su yi guɗa. Samarinmu da ke zuwa filin kokowa na Langa-Langa sun san wannan sarai.

Wasan kwaikwayon makamai ma ba baƙonmu ba ne. A wasan kara, bayan girbi, samarin Damagaram sukan haɗa doki da bindiga da sauran kaya da karan hatsi, su kwaikwayi sarki da manyan gwamnati, kowa ya yi dariya. To, takobin itace ɗan uwan wannan ne. Sai dai shi yana daɗewa, kuma yana da nauyin da hannu zai saba da shi.

MENE NE WASAN SHINUWA

Mu mun san shi da sunan kumfu. Su can sunan da suke kiran wasan baki ɗaya wushu. Kalmar kumfu ma'anarta gwanintar da mutum ya samu bayan ya daɗe yana wahala. A wurinsu gwanin ɗinki yana da kumfu, gwanin noma ma yana da nasa. Silima ce ta kawo mana shi. Dattawa suna tuna Burus Li, wanda ya rasu a 1973 yana da shekara 32. Bayansa aka yi Jaki Can da Jet Li. Shi Jet Li zakaran wushu ne na ƙasarsu tun yana yaro, kafin ya fito cikin fim ɗin gidan ibada na Shawolin a 1982.

Abin da ake gani cikin fim, yawancinsa dabara ce. Tashi sama da igiya ake yin sa, daga baya a goge igiyar. Jinin kuma rini ne. Wasan gaskiya ba haka yake ba. Akwai wani iri da ake kira taici, wanda ake yi a hankali kamar mutum yana tafiya cikin ruwa. Asalinsa daga wani ƙauyen manoma ne na zuriyar Cen, cikin jihar Henan, shekara fiye da 300 da suka wuce. Wani tsohon soja ne da ya koma gida noma ya tsara shi, mutanen ƙauyen suka riƙa koyo in aikin gona ya yi sauƙi. Kun ga ke nan wasan ƴan rani ne kamar mu. A 1957 hukumar wasannin ƙasar Sin ta tsara wasan takobin taici mai motsi 32 don talakawa su koya. Tsofaffi maza da mata ne suka fi yin sa da sassafe, don lafiyar gwiwa da baya da numfashi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa taici cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Cikin wannan shekara kuma aka yarda a sa wushu cikin wasannin Olamfik na matasa da aka ba birnin Dakar na Senegal.

Takubbansu iri biyu ne manya. Akwai dau, mai baki ɗaya, mai ɗan lanƙwasa, ɗan uwan adda. Akwai jiyen, miƙaƙƙe mai baki biyu. Wannan jiyen in ka gan shi sai ka ce takobinmu ne ko na Buzaye, sai dai ya fi siriri, kuma makarinsa, wato abin da ke tsare hannu, ƙarami ne. Tsawon ruwansa santimetir 70 zuwa 80 ne, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. A 1965 an haƙo wani cikin kabari a jihar Hubei, na wani sarki mai suna Gujiyen. Ya yi fiye da shekara 2000 cikin ƙasa, amma aka tarad da kaifinsa yana nan. Shinuwa suna da karin magana: kwana ɗari a iya dau, kwana dubu a iya mashi, kwana dubu goma a iya jiyen. Ku lissafa. Kwana dubu goma ya fi shekara 27. Wanda zai yi irin wannan doguwar tafiya ba zai so ya rasa yatsa tun makon farko ba.

Har a fadar sarakunansu takobin itace ya taɓa samun wuri. Zamanin daular Jin, wajen shekara 1700 da suka wuce, fadawa sun bar rataya na ƙarfe, suka koma shiga gaban sarki da na itace da aka yi ma ado.

Wata ƴar magana a gefe. Shinuwa ba baƙi ba ne a jiharmu. Nijar ta ƙulla hulɗa da Sin a 1974, likitocinsu sun yi aiki a asibitocinmu, a 2011 kuma aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ kan hanyar Tanut. Amma kada yaro ya tare Bashinuwa a hanya ya ce ya koya masa kumfu. Ba kowane ya iya ba, kamar yadda ba kowane Bahaushe ne ɗan dambe ba.

WANE ITACE ZA A ZAƁA

A nan makiyayi ya fi kowa ilimi. Wanda ya san zaɓen sandar kiwo ya san rabin aikin. Ana son itace mai ƙarfi, mai ɗan danƙo, wanda in ya bugi wani abu ba ya tarwatsewa ya bar tsini.

Magarya tana da kyau ƙwarai. Tana da danƙo, ba ta saurin karyewa, sai dai samun miƙaƙƙen reshe yana da wuya. Marke ma haka, shi ya sa ake yin ƙotar hauya da shi. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, tana yin sumul a hannu kuma ƙwari ba su cika cin ta ba. Ƙirya ta fi su duka tauri, amma nauyinta ya yi yawa. Takobin ƙirya in ya sauka bisa hannun yaro ba shi da bambanci da taɓarya, gara a bar ta ma turmi da gawayin maƙera. Dargaza tana yin sanda mai kyau, amma ba ta cika yin kaurin da za a fitar da faɗin takobi ba.

Kuka ba ta yi, cikinta kamar soso yake. Gawo ma ba ya yi. Itacensa yana da taushi, ƙwari suna son sa, kuma amfaninsa a tsaye cikin gona ya fi takobi dubu.

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne dogon yaro. Yana ko'ina cikin gari, ana rage masa rassa kowace shekara, gara ba ta son sa. Aibinsa ɗaya: jijiyarsa takan murɗe, sai an duba da kyau. Turare ma yana miƙewa sosai, amma yana yawan tsagewa in yana bushewa. Wanda yake kusa da birni yana iya zuwa wurin kafintoci ya nemi ragowar jan katako mai tsawon metir ɗaya. Farin katakon nan mai taushi da ake yin silin da shi, a bar shi. Bugu ɗaya yake karyewa.

Abin da muke kira jijiya shi ne zaren nan da ke bin tsawon itace, wanda kake gani in ka faskara shi. Wannan zare dole ya tafi miƙe daga gindin takobi har bakinsa. In ya karkace ya fita ta gefe, a wurin nan takobi zai ɓalle, kuma ɓallewar takan bar tsini kamar mashi. Itacen da ke da ido, wato gurbin da wani reshe ya fito, shi ma a bar shi.

A ƊAUKI RESHE, A BAR UWA

Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya kayar da itace sukutum don takobi ɗaya. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarki Tanimun ya hana saran gawo a ƙasarsa, hukuncin wanda ya sara kuwa mai tsanani ne ƙwarai. Dokar daji ta 1974 ta lissafa itatuwan da ba a sara sai da izini, cikinsu akwai gawo da aduwa da tsamiya da bagaruwa da kuka da giginya. A ranar 8 ga Yuni 2004 aka kafa sabuwar dokar daji. Saboda haka kafin ka sa gatari, ka nemi ma'aikacin gandun daji na wurinku ka tambaye shi. Tambaya ba ta cin ko dala. Tara kuwa tana iya cin akuya.

Manoman Magarya da Matamai da Mirriya sun nuna ma duniya abin da sassaben zamani yake yi. Tun wajen 1985 suka riƙa barin toho cikin gonaki suna gyara shi, har gawo ya sake rufe ƙasa. Mai irin wannan gona ba ya rasa reshe, don kowace shekara sai ya rage ma itatuwansa. Cikin abin da aka rage ɗin nan za a zaɓa. A yanke reshe da zarto ko adda mai kaifi, a fara ta ƙasa sannan a gama ta sama, don kada ya yage ɓawon uwar.

Ana son reshe mai kaurin ƙwaurin babban mutum ko fiye, tsawonsa kamu biyu da rabi.

BUSHEWA

A nan ni kaina na yi kuskure. Na farko da na sassaƙa, ɗanyen dogon yaro ne. Na gama shi cikin yini biyu, na jingine shi a rana ina jin daɗi. Hunturu ya busa masa kwana bakwai. Da na koma sai na tarad ya lanƙwashe kamar lauje, ga tsaga tun daga gindi har tsakiya. Uwargida ta hura wuta da shi.

Ga yadda ya kamata. A ɓare ɓawon don kada ƙwari su samu wurin ɓuya. A faskara reshen biyu ta tsakiya. Faskare ya fi yanka da zarto, don shi yana bin jijiya da kansa, in itacen murɗaɗɗe ne nan take za ka gani. Daga rabi ɗaya za a fitar da takobi, a kauce ma bargon tsakiya, don daga nan tsaga take farawa. A rage shi da gizago ya zama kamar doguwar falle mai kaurin yatsa biyu, faɗin yatsa uku ko huɗu. A shafa ma bakunan biyu kakin zuma ko tsohon fenti. Dalili kuwa ruwan itace ta baki yake saurin fita, shi ke sa bakin ya tsage.

Sai a kwantar da shi cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumbu, bisa duwatsu, inda babu rana kuma iska ba ta bugun sa kai tsaye. A ɗora masa nauyi don kada ya karkace, a riƙa juya shi kowane mako. A ba shi wata biyu ko uku. In ka ɗaga ka ji ya daina rage nauyi, in ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar allo, to ya bushe. Wanda ya yanke da kaka zai sassaƙa kafin bazara. Wanda ba ya iya jira ya nemi busasshiyar tsohuwar ƙota ko katakon kafinta.

AWO DA SASSAƘA

Kowa da tsawon takobinsa. Ga yadda Shinuwa suke awo, ba sai da metir ba. Mutum ya tsaya, ya saki hannunsa ƙasa, ya riƙe ƙotar ta yadda ruwan takobi zai bi bayan hannunsa ya yi sama. Bakin takobi ya kai saman kunnensa. Wannan shi ne daidai da shi. Ga babban mutum duka tsawon yakan kama wajen metir ɗaya: ruwa santimetir 75, ƙota da makari wajen santimetir 20 zuwa 25. Na yaro a rage.

A ja layi da gawayi ko alƙalami a tsakiyar itacen, daga gindi har baki, gaba da baya. Zare da aka shafa ma gawayi, aka ja aka saki, yana ba da miƙaƙƙen layi. Wannan layi shi ne jagora, kada a goge shi sai an gama. Faɗin ruwa a gindi yatsa biyu, wato santimetir 4, ya riƙa raguwa a hankali har ya zama santimetir 3 kusa da baki. Kaurinsa a gindi santimetir ɗaya da rabi, a baki santimetir ɗaya.

Sai a fara sassaƙa daga layin tsakiya zuwa gefe, ta fuska huɗu, tsakiya ta zama tudu gefe ya yi ƙasa, kamar ƙwallon dabino da aka miƙar. A yi da ƙaramin gizago, a gama da wuƙa da magagari. A bi jijiya. In wuƙa ta fara ɗaga itace tana yage shi, a juyo a sassaƙa ta ɗayan gefen. A riƙa ɗaga shi ana duba tsawonsa da ido ɗaya, kamar yadda maharbi yake duba kibiya.

Ga wurin da masassaƙi zai yi ma yaro gardama, kuma kada ya yarda. Yaro zai ce a fitar masa da kaifi, a fere masa tsini, don ya yi kama da na fim. A'a. Gefen takobi kada ya fi fensir sirantaka, kuma a mulmule shi. Bakin a yi shi da'ira kamar babban yatsa. Busasshen marke da aka fere yana huda ciki. Kaifin itace kuma yana fasa fata, ga shi yana saurin ɓantarewa. Takobin Buzaye na ƙarfe ma, in kun lura, bakinsa ba tsini gare shi ba.

Ƙota kada a yi ta mulmulalliya kamar sanda. A yi ta kamar ƙwai, faɗinta ya bi faɗin ruwa, don hannu ya san inda bakin takobi ya fuskanta ko da ido bai duba ba. In mutum ya damƙe ta, yatsunsa su kusa taɓa tafin hannu. A gindinta a bar ɗan dunƙule kamar ƙwallon goriba ƙarami, don kada ta sulɓe.

Makari kuwa gara a yi shi daban. In aka sassaƙa shi jiki ɗaya da takobi, fukafukansa suna ɓallewa, don jijiyarsu gajera ce. A samu guntun itace mai tsawon santimetir 9 ko 10, jijiyarsa a gicciye. A raba shi biyu, a ƙwaƙule gurbin takobi cikin kowane rabi, a haɗa su su rungume shi. A huda, a sa turaku biyu na itace. Kada a sa ƙusa ko waya. Ƙusa tana tsaga itace, ran da takobi ya karye kuma ita za ta yaga hannu. Sai a ɗaure da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata. In ta bushe tana matsewa, ta fi kowane manne riƙo. Baduku yana iya naɗe ƙotar da jar fata in akwai hali. In babu, zaren saƙa ya isa.

Yanzu a gwada ma'auni. A ɗora takobi bisa yatsa ɗaya a nemi inda zai tsaya bai rinjaya ba. Ana son wurin ya kasance gaban makari da kamar faɗin tafin hannu. In ya yi nisa wajen baki, takobi zai riƙa jan wuyan hannu, mutum ya gaji da wuri. Maganinsa a ƙara rage kaurin ruwa daga tsakiya zuwa baki, kaɗan kaɗan, ana yi ana gwadawa. Abin da aka sassaƙe ba ya komawa.

Daga ƙarshe a kankare shi da fasasshiyar kwalba, a goge da tsumma da lallausan yashi har sai hannu ya bi bai ji sartse ba. A shafa masa man shanu kamar yadda makiyaya suke yi ma sanda, ko man kaɗe, ko man gyaɗa kaɗan. A bar shi ya sha, a goge, a sake har sau uku. Kada a yi masa fentin azurfa. Fenti yana ɓoye tsaga, kuma da dare wani yana iya ɗaukar sa na ƙarfe ne, a yi abin da ba a so. Shinuwa sukan ɗaura jan tuntu a gindin ƙota. Wanda yake so ya ɗaura, ba ya ƙara kome sai kyau.

KAFIN A FARA WASA

Takobin itace sanda ce. Sanda kuwa tana karya ƙashi, tana fasa ido, duk wanda ya ga sharo ya sani. Wasan jiyen da ake koya ma sabon shiga ba a yin sa da abokin karo. Kowa shi kaɗai yake yi, cikin sahu, malami yana gaba. Tsakanin mutum da mutum a bar gaba biyu. A fara da tsayuwa da taku, sannan miƙa hannu, sannan juyawa, duk a hankali. Ba a bugun itace ko bango da shi. Kullum kafin a fara a duba shi, a ɗan lanƙwasa shi bisa gwiwa. In an ji ya yi ƙara ko an ga tsaga, a kai shi murhu.

A samu babba guda da zai riƙa tsayawa a wurin. A birni akwai masu koyar da karate da irin waɗannan wasanni, samarin da ke zuwa cin rani suna iya neman su. Wanda ya koyo ya dawo ya koya ma na gida. Akwai kuma darasin motsi 32 ɗin nan cikin salula, ya fi fim amfani.

Ba a zuwa da shi kasuwa, ba a zuwa da shi wurin biki ko dandali. Ba a kuma fita da shi gona ko bakin rijiya lokacin da ake jiran sakin gonaki, sa'ad da zukatan manoma da makiyaya suke kusa. A irin wannan lokaci ko muciya aka gani hannun saurayi sai a ce makami ne. A 2021 wata ɗiyar Damagaram, Aisha Maki, ta fitar da fim mai suna Zinder, a kan samarin unguwar Kara-Kara. Wanda ya gani ya ga ƙarfin da Allah ya ba samarin nan, ya ga tabon wuƙa a jikinsu, ya kuma ga yadda waɗansu suke neman hanyar fita. Ba mu son ƙauyukanmu su bi ta nan. Saboda haka shawararmu, in an gama wasa a tattara takubban wuri ɗaya, a ajiye su gidan babban da ke kula da samari.

Ga masassaƙanmu kuma wata ƴar kafa. Robobi da kwanonin ƙarfe sun rage musu cinikin akushi da ludayi. Da rani, bayan ƙota da turmi, mutum yana iya fitar da takubba biyu ko uku daga reshe ɗaya da aka faskara, ya kai Kasuwar Dole ran Alhamis ko ta Mirriya ran Lahadi. Sai dai ya riƙe sharaɗi: babu kaifi, babu tsini, babu ƙusa, ko nawa mai saye ya ƙara masa.

Wurin ajiya, kada a jingine shi a bango, yana lanƙwashewa, gara kuma tana hawa ta ƙasa. A rataye shi da igiya ta gindin ƙota, cikin inuwa. In hunturu ya shigo a ƙara masa mai.

Wanda ya gwada da wani itacen da ba mu ambata ba, kamar kanya ko geza, ya rubuto mana yadda ya kasance. Ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu takardar, za ta iso mu, mu buga a fitowa ta gaba.